Gautan da Ya Kusa Raba Gida

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, yana zaune gida ɗaya da ƙanensa tun bayan rasuwar iyayensu. A akushi ɗaya suke cin tuwo, a rumbu ɗaya suke zuba hatsi.

Wata shekara sai mai lambun ya samo irin gauta daga wani gari mai nisa. Ya shuka, ya yi ta ban ruwa safe da yamma, har gautan ya yi 'ya'ya manya, farare tas. Ran da ya fara tsinka, ya gatsa ɗaya, daɗi ya kama shi. Ya cika hularsa, ya sheƙo gida a guje yana ƙwala wa ƙanensa kira.

Ya ce, "Zo ka ci abin da ba ka taɓa ci ba!"

Ƙanen ya gatsa, ya yamutsa fuska, ya tofar. Ya ce, "Wayyo, Yaya! Wannan ai maɗaci ne!"

Washegari mai lambun ya zaɓo wanda ya fi kowanne kyau, ya kawo masa. Ƙanen ya sake tofarwa. Rana ta uku ma haka. Sai ran mai lambun ya ɓaci, ya ce, "Ba gautan ne ke da ɗaci ba, zuciyarka ce. Baƙin ciki kake yi da abin da hannuna ya shuka."

Ƙanen ya ce, "Yaya, ni ka mai da maƙaryaci?"

Daga ranar nan suka raba akushi. Ba a jima ba suka raba rumbu. Da kaka ta yi, ƙanen ya ɗaure kayansa a kan jaki, zai koma garin surukansa da iyalinsa duka.

Ana cikin ɗaurin kayan sai ga goggonsu, ƙanwar ubansu, ta iso da sandarta, ta zo ganin gida. Da ta ji abin da ya haɗa su, ta yi ta dariya har sai da ta zauna a kan turmi. Sa'an nan ta ce, "Ku ba ni wuƙa da gauta ɗaya. Ɗaya tak! Ku kira mini kowa da kowa."

Mutanen gida suka taru, manya da yara. Ta yayyanka gautan nan ƙanana, ta miƙa wa kowa yanki, ta ce, "To, ku ci gaba ɗaya. Kai kuma, mai lambu, kada ka dubi ƙanenka. Dubi sauran."

Suka jefa a baki. Kai, ku zo ku ga fuskoki! Matar ƙanen ta cinye nata, ta miƙo hannu tana neman ƙari. Waɗansu suna ta tauna hankali kwance. Amma Rahila, babbar 'yar mai lambun, wadda bai taɓa jin ƙarya a bakinta ba, ta ruga wurin randa idonta cike da hawaye.

Ubanta ya ce, "Rahila, har da ke?"

Ta ce, "Baba, tun ran farko haka nake ji. Tsoron ɓata maka rai ne ya sa nake haɗiyewa."

Goggo ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ka gani? Ubanku, yayana, yana cin gauta kamar dabino. Uwarku kuwa ko shuwakar da aka wanke sau bakwai ba ta iya kai ta baki. Kai ka ɗauko harshen ubanka. Ƙanenka da 'yarka suka ɗauko na uwarku. Gado ne, ɗana, ba ƙiyayya ba ce!"

Mai lambun ya yi tsaye kamar an kafe shi. Sai ya zabura, ya ruga wurin jakin, ya shiga kwance igiya da hannunsa yana cewa, "Ashe gaskiya kake faɗa! Ashe gaskiya ce! Ka gafarta mini!" Kaya suka zube, tukunya ta gangara, jakin ya tsorata ya yi waje. Ƙanen ya fashe da dariya, ya rungume wansa. Mata suka rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Ga ma'anar wannan misali. Masana sun bincika sun ga cewa a kan harshen mutum akwai waɗansu ƙananan abubuwa masu kama ɗaci, kuma gadonsu ake yi daga iyaye, kamar yadda ake gadon tsawo ko kamannin fuska. Wani yana jin wani irin ɗaci da ƙarfi, wani kaɗan, wani ba ya jinsa ko alama. Aikin Ubangiji ke nan, abin al'ajabi! Shi ya yi harsunan duka, bai yi kuskure a ko ɗaya ba.

Gautan nan shi ne abubuwan da ke samunmu a duniya. Maganar da kai ka ɗauka wasa, tana iya hana 'yar'uwarka cin abinci. Jarrabar da kai ka wuce ba ka ko waiwaya ba, wani yana kokawa da ita kowace rana. Rashin da ke kika jure, wata har yau tana kukansa. Zunubin mai lambun ba rashin jin ɗaci ba ne, gama haka aka halicce shi. Zunubinsa shi ne ya mai da harshensa ma'aunin kowa, har ya kira ɗan'uwansa maƙaryaci, 'yarsa kuma ta koyi haɗiye ɗaci saboda tsoronsa.

'Yan'uwa, a cikin gidajenmu akwai masu haɗiyewa shiru. Ku koma yau ku neme su. In ɗan'uwanka ya ce maka, "Abin nan da ɗaci," kada ka ce, "Ai ni ban ji ba." Ka jawo kujera, ka zauna kusa da shi, ka ce, "Na yarda da kai. Gaya mini."