Matsa da Matso

Akwai wani likita mai suna Gayus, wanda ya tsufa yana aiki a ɗakin gaggawa na wani asibiti, inda ake kawo waɗanda rai ya kai musu ga maƙogwaro. Allah ya yi masa baiwar hannu, ba a musu. Amma fa yana da wata kalma guda da ta zauna masa a baki. Da zarar ƙaramin likita ya ɗauki allura ko almakashi ya ɗan yi jinkiri, sai Gayus ya ce, "Matsa." Ya karɓe aikin, ya gama, ya wanke hannu. Har ma'aikata suka laƙaba masa suna Dakta Matsa, shi kuwa da ya ji sai ya ɗauka yabo ne.

Cikin masu koyo a ƙarƙashinsa akwai wata likita, Keziya, mai ƙwaƙwalwa da haƙuri. An ce mata matsa har ta saba, tana ganin ya tunkaro sai ta ja da baya tun bai buɗe baki ba.

Ana nan, wata rana Gayus ya zame a kan matakala ya karye a wuyan hannun dama, aka ɗaure masa shi da filasta. Zaman gida ya gagare shi, ya dawo aiki da hannu rataye a wuya. Ran nan da rana tsaka aka shigo da wani magini da ya faɗo daga kan gini. Haƙarƙarinsa sun karye, iska ta taru a ƙirjinsa ta danne huhu, yana ta kokawa da numfashi. Matarsa tana bakin ƙofa da goyo, ta kasa ko kuka. In ba a huda gefen ƙirjin an saka roba iskar ta fita ba, mutumin nan ba zai kai yamma ba.

Gayus ya taho da sauri, bakinsa ya riga tunaninsa. "Matsa," in ji shi. Keziya ta matsa. Sai ya miƙa hannu, ya ga filasta. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya ce, "Keziya, ke za ki yi. Ai kin sha ganin ina yi."

Ta ce, "Baba, ban taɓa gani ba. Kullum in ka ce in matsa, bayanka nake tsayawa. Bayanka na sani, ban san hannunka ba."

Maganar ta soke shi, kunya ta kama shi ƙwarai. Amma mai mutuwa ba ya jiran mai kunya. Nan take ya ƙudura a ransa cewa magini ba zai mutu saboda halinsa ba. Ya koma bayanta, inda ita ta saba tsayawa, ya ce da murya a kwance, "Matso, 'yata. Matso kusa da shi. Sa yatsanki a ƙarƙashin hamata, ki lalubi ƙashin haƙarƙari. Kin ji shi? Ki bi ta samansa, kada ki bi ta ƙasa, akwai jijiya a wurin."

Ta ɗauki wuƙar tiyata, ta ɗan yi jinkiri. Hannun hagunsa ya zabura zai fizge wuƙar, ya kama kansa, ya mayar da shi baya ya damƙe gefen rigarsa. Ya ce, "Ina nan, ba inda za ni. Ci gaba." Ta yanka, ta tura robar. Sai iska ta fito fuu, ƙirjin magini ya ɗaga, ya ja numfashi mai tsawo.

Matar ta durƙusa a gaban Gayus tana godiya. Ya ce, "Tashi, ba ni ba ne. Ga wadda ta yi."

Da hannunsa ya warke, a nan babban gwajin ya zo, gama yanzu yana iya karɓewa. Sau da yawa tsohuwar kalmar takan hau masa harshe, sai ya haɗiye ta, ya harɗe hannuwansa a baya, ya ce wa mai koyo, "Matso." Da wuya fa, har zufa yakan yi, amma bai fasa ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Likitan nan kai ne, ke ce, duk wanda Allah ya ba shi iyawa a gida, ko a wurin aiki, ko a cikin ikilisiya. Filastar kuwa ita ce ranar da ƙarfinka zai ƙare, kuma tana zuwa ko ka so ko ka ƙi. Ku tuna, sa'ad da Ubangijinmu ya ciyar da taron jama'a, a hannun almajiransa ya sa gurasar su raba, ko da yake ya fi su iyawa. Tsakanin matsa da matso harafi ɗaya ne kawai, amma ran mutum ya rataya a kansa. Saboda haka a makon nan, ka waiwaya ka ga wanda ya daɗe yana kallon bayanka, ka ce masa ya matso tun hannunka yana da lafiya.