Ƙafar Barmo da Gansakukar Teku

To, masu son gardama, ku gyara zama. Yau na zo muku da wadda za ta hana ku tashi da wuri.

An yi wani mai yasar rijiya ana ce masa Barmo. Taurin kai gare shi kamar me, amma in rijiyarku ta ɓaci, shi za ku nema. Rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta, yana kwasar laka yana kankare gansakuka, koren abin nan mai santsi da ke kama bangon rijiya, har ya tsane ta tsana mai tsanani. 'Ya'yansa uku, duk mata, kowacce da gidan mijinta a cikin garin: Saude, Lantana da autarsu Hajo.

Wata rana tsohon ƙarfe ya yanke shi a ƙafa a gindin wata rijiya. Gogan naku ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da harkarsa. Ga shi da ciwon suga, ai kuwa yankan ya zama gyambo, ƙafa ta kumbura, ta fara wari. A asibiti aka yi ta allurai, a banza. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce in ba a ga sauƙi nan kusa ba, sai a yanke daga gwiwa don a tsira da ransa. Barmo, da zurfin rijiya bai taɓa ba shi tsoro ba, ya juya fuska bango ya yi kuka.

Saude a ɗakin gwaje-gwajen asibitin take aiki. Ta ɗebi mugunyar gyambon, ta shafa a kan wani abu da ake dafawa daga jar gansakukar teku, wanda in ya huce yake daskarewa kamar romon ƙafar saniya. A kansa ƙwayoyin cuta ke tsiro har ido ya gan su. Ta jera magunguna iri-iri a kai, ta yi ta zarya tana dubawa, ko abincin kirki ba ta ci. Ƙwayoyin cutar suka gagari duk magungunan, sai guda ɗaya da ya share gefensa tas. Aka koma ba Barmo wannan, zazzaɓi ya sauka.

Amma gyambon bai daina tsiyaya ba. Kullum aka zo canja bandeji sai ya manne, ya ɗauke sabon naman da ya fara tsirowa, jini ya ɓalle. Lantana, wadda nas ce, ta san akwai wata irin auduga da ake yi da gansakukar teku mai ruwan ƙasa. Takan tsotse mugunya ta zama laushi, tana taimaka wa jini ya tsaya, kuma ba ta ɗauke nama in an cire. Babu ita a garin. Lantana ta bar jaririnta wurin maƙwabciyarta, ta hau mota zuwa birni mai nisa, ta bi kantunan magani ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, sai da ta samo.

Da ta zo ɗaura masa, ya tambayi sunan abin. Ta ce aljinet.

"Aljani kuma?"

Ta yi dariya ta ce ba aljani ba ne, daga gansakukar teku ake yin sa, kamar wanda Saude ta yi gwaji da shi. Wayyo, da ma ta bar shi a kan aljanin! Barmo ya janye ƙafarsa ya ce, "Aljanu ai mun saba, a rijiya muke haɗuwa. Amma ƙazantar da na tsufa ina kwashewa za ku cusa mini a ciwo, in yi salla da ita? A yanke ƙafar." Har maganin shan ya ture. Likita ya yi magana, Saude da Lantana suka yi magiya, ko gezau. Zazzaɓi ya soma dawowa.

Hajo mai tuyar ƙosai ce, kuma ita ke jinyarsa tun farko, ta san ba a cin babanta da musu. Ta je wurin liman ta tambayo, ya ce ruwan teku mai tsarki ne, haka abin da ke rayuwa a cikinsa. Ta dawo ta yanki audugar ta ɗora a kan ƙunar mai da ke hannunta, ta yi salla da ita a gaban gadonsa yana kallo. Da ta sallame ta gaya masa abin da liman ya ce, sannan ta tambaye shi a hankali wace rijiya ya taɓa shiga bai tarar da gansakuka ba. Ya ce, sai wadda ta ƙafe. Ta ce, "Ashe, Baba, sai inda ruwa ke da rai take zama." Barmo ya daɗe yana kallon hannunta. Daga baya ya miƙa wa Lantana ƙafar, ya ce a ba shi maganinsa.

Sannu a hankali rami ya cike, fata ta rufe, sai tabo. Barmo ya yi ta godiya ga Allah, ya sa wa yaran albarka har muryarsa ta dushe. Ya rantse cewa ranar da ya fara fita da ƙafafunsa biyu, gidan wadda ta ceci ƙafar zai fara takawa.

Ranar ta zo. Ya sa takalmi, ya fito ba sanda, mutanen unguwa na binsa da barka. Ya kai mararraba, inda hanya ta rabu zuwa gidajen ukun, ya ja ya tsaya. Ba don Saude ba, da ba a san maganin ba. Ba don Lantana ba, da gyambon bai rufe ba. Hajo kuwa, ba don ita ba, da da bakinsa ya sa an yanke. Kowacce ta yi girki ta shimfiɗa tabarma, ba don neman lada ba, don dai ta ga babanta ya shigo da ƙafarsa. Shi kuma ya riga ya rantse.

To, ku gaya mini, ƙofar wacce ya kamata ƙafar nan ta fara takawa?