Haƙorin Selina da Guntun Allura

Iyaye mata 'yan'uwana, ku ɗan tsaya ku karanta wannan, ni dai ya hana ni sukuni.

Akwai wata mata a Kafanchan a shekarun saba'in, sunanta Afiniki. Mijinta ma'aikacin reluwe ne. Bikin 'yarsu Selina ya matso, sai haƙorinta na gaba ya tashi da ciwo. Ko ruwan randa ta kurɓa sai hawaye.

Afiniki ta kai ta wani ƙaramin asibiti, wurin Likita Celestine, wanda kan zo daga Kaduna a jirgin ƙasa jefi-jefi. Ya ce ba sai an cire ba. Zai huda haƙorin, ya wanke ramin jijiyar, ya toshe.

Yana cikin aiki da wata siririyar allura, sai ya tsaya cak.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba. Bakin allurar ya karye a cikin ramin."

"Wayyo Yesu! Ƙarfe a bakin 'yata?"

"Ɗan mitsitsi ne, kuma ba inda za shi. Na rufe da magani. Abin ciro shi yana Kaduna, in zan dawo zan taho da shi. Haƙorin zai rayu. Kada dai kowa ya taɓa."

Bakin Afiniki ya ce to, zuciyarta kuwa ba ta yarda ba.

A taron zumuntar mata na coci, da ta ba da labari, wata Mama Martha ta kama haɓa. "Ƙarfe yana tafiya fa! Jini yake bi. Yau haƙori, gobe wuya, jibi zuciya."

Daga ranar zama ya gagari Afiniki. Ta ɗora miya ta manta har ta ƙone. Ta sa mijinta ya aro mayen ƙarfe a wurin gyaran jirgi, ta dinga goga wa yarinya a leɓe har ya kumbura. Da ta ji kukan jirgi sai ta ruga tasha, ta tarar na kaya ne.

"Mama, ni fa na daina jin ciwo," in ji Selina.

"Ai shi ne abin tsoron! Ya bar wurin ke nan, ya kama hanya!"

Ranar kasuwar Zangon Kataf ta ja Selina suka hau mota, sai rumfar Ƙasimu wanzami. Ya taɓa haƙorin, ya girgiza kai.

"Uwar gida, wannan da ƙarfinsa, ko motsi ba ya yi. Na amarya kuma? Ki koma ki jira likitanki."

"Ƙasimu, gara in aurar da mai giɓi da in binne mai haƙori. Cire!"

Ta yi ta roƙo, ta durƙusa, ta yi kuka, har ya ɗauko awartaki. Ita da kanta ta riƙe kan 'yarta.

Ba a jima ba likita ya dawo, ya aika a kira su. Yana murna ya buɗe ɗan akwatinsa.

"Na samo! Amarya, buɗe baki."

Selina ta sunkuyar da kai. Afiniki ta kwance bakin zaninta, ta miƙa masa haƙorin.

Likita ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu. Sannan ya cire maganin da ya toshe ramin, ya zura ɗan hantsakinsa, ya zaro guntun. Bai kai ƙwayar acca ba.

"Ga shi, Mama. Yana nan inda na bar shi."

Selina ta rufe baki da hannu, ta ce a hankali, "Likita, ba a iya mayar mini?"

Ya girgiza kai. Afiniki ta nemi kujera, ba ta kai ba, ta zauna a ƙasa.

Darasi: Tsoron uwa ƙauna ce, amma in ya haɗu da gaggawa da maganar "an ce", ɗanki ne zai kwashi wahalar. Wanda ya faɗa miki gaskiya alhali yana iya ɓoyewa, ki yi haƙuri ki jira shi. Don Allah ku tura wa sauran iyaye mata, musamman masu saurin firgita irina.