Inda Katangar Coci Za Ta Bi

Akwai wani ƙauye na Hausawa Kirista da ake kira Gidan Nomau. Dagacinsa Filibus ne, ɗan Nomau ɗin da ya sari wurin. Filibus yana alfahari da abu biyu: shi aka fara yi wa baftisma a ƙauyen, kuma shi ɗan ubansa ne. Bai taɓa zaton abubuwan nan za su yi karo ba, sai shekarar da ya ba ikilisiya fili don a gina sabon coci. Da aka ja igiya, sai ga kabarin Nomau daidai inda katanga za ta bi. Nomau kuwa Bamaguje ya rayu, Bamaguje ya mutu, tun kafin mai bishara na farko ya taka ƙasar.

Dattawan ikilisiya suka rabu. Wasu suka ce katanga ta lanƙwasa ta bar kabarin waje, don wanda bai amsa sunan Almasihu ba ba shi da rabo a ciki. Wasu suka ce a zagaye shi ciki, ai Allah ba ya tambayar mutum abin da ba a ba shi ba. Suka mayar wa dagaci da maganar, tunda fili nasa ne, uba ma nasa. Magina suna jira, ga hadari ya fara haɗowa a gabas.

Da la'asar Filibus ya zauna gindin tsamiyar da ke inuwantar da kabarin. A kanta akwai wata tsohuwar shamuwa da ke sauka nan kowace bazara tun zamanin Nomau. Ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, na ga an ba ka zaɓi tsakanin idonka na dama da na hagu. Kada ka yi irin gardamar mutum uku a jirgin fito."

Dagaci ya ce ta gaya masa yadda aka yi.

Shamuwa ta ce, wata shekara a hanyarta ta zuwa ta sauka bakin wani babban kogi. Ta ga masu bishara uku sun taso daga taro sun shiga jirgi, tare da tsohon malaminsu na makarantar Littafi, Malam Barnaba. Tun kafin a tura jirgin gardama ta tashi tsakanin su ukun, kan makomar wanda ya mutu bai ji bishara ba. Na farkonsu, Irmiya, ya ce ƙofar ceto ɗaya ce, wanda bai ji ya gaskata ya furta da bakinsa ba ya ɓace, kuma tausayi ba ya sauya wannan. Zakka, wanda uwarsa Musulma ce, ita ta yi ta surfe har ya gama makaranta, ya ce shi ma ƙofa ɗaya ya sani, amma jinin Almasihu yana iya kaiwa ga wanda ya bi ɗan hasken da ya samu, ko bai san sunan mai hasken ba. Ayuba, ƙaraminsu, ya ce dukansu sun yi wa Allah rowa, a ƙarshe ba wanda zai kwana waje.

Irmiya ya ce, "To mu mayar da kekunanmu mu koma noma, tunda kowa ya riga ya shige."

Zakka ya ce, "Kai da za a ba ka makullin sama, da kai kaɗai za ka kwana ciki, kana ƙorafin an cika."

Suka juya ga malaminsu. Tsoho ya ce shi ba zai raba su ba, magabata da suka fi su karatu sun tsaya a wuraren nan uku. Amma zai ba su labarin Sarkin Noma Arzika da ɗansa.

Ya ce, an yi wata yunwa da ta share rumbunan ƙasa duka, sai na Arzika kaɗai ya rage, cike da wata jar dawa da ba wanda ke shuka irinta sai shi. Ya sa ɗansa Jatau a ƙofa, ya ce ya yi shela, duk wanda ya zo a auna masa. Jatau ya tsaya cikin rana har muryarsa ta dishe, kuma bai taɓa mayar da kowa hannu wofi ba. Da damina ta sauka, ya lura cewa mutanen bayan dutse ko ɗaya bai zo ƙofa ba. Ya ce ashe sun ƙare. Ya tara samari da fartanya, suka tafi don a raba gonakin matattu kada su zama saura.

Da suka isa, suka tarar da kaburbura sababbi, gaskiya ne. Amma suka tarar da hayaƙi a wasu gidaje. Wata tsohuwa ta kawo musu kunu, Jatau ya dubi ƙwaryar ya ga ja. Ya tambaye ta ina ta samu. Ta ce jakuna ne suka riƙa zuwa da wani mutum mai rawani, ya sauke ya tafi, ba su san mai dawar ba, amma kullum suna sa masa albarka.

Jatau ya komo ransa a ɓace. Ya ce wa ubansa, in haka ne, don me aka shanya shi a rana? Arzika ya ce waɗanda suka zo ƙofa sun ci, sun san shi, sun zauna a tabarmarsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sa'an nan ya ce, "Ƙofa na ba ka ka tsare. Ban ba ka hanyar jakunana ba. Koma ka gaya musu sunan mai dawar, ka bar musu gonakinsu."

Nan Malam Barnaba ya ƙare labarinsa. Irmiya ya ce an dai yarda rumbu ɗaya ne. Zakka ya ce an kuma yarda an sha kunu ba a san suna ba. Ayuba ya matsa ya ji ko jakunan sun kai kowane gida. Tsoho ya ce labarin bai faɗa ba, shi kuma ba zai ƙara masa gishiri don daɗin kunnen kowa ba. "Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare," in ji shi. Jirgi ya taɓa gaɓa, kowa ya ɗauki kekensa ya nufi ƙauyen da aka aike shi.

Shamuwa ta ce, "Ka ji, ranka ya daɗe. Sun sauka ba su daidaita ba, amma ba wanda ya raba gonar wani."

Filibus ya dubi kabarin. Sa'an nan ya tambaye ta kai tsaye, ita da ta san ubansa, jakunan sun kai gare shi?

Ta ce ta ga Nomau yana yanka jan zakara a gindin tsamiyar nan, ta kuma gan shi yana barin gefen gonarsa ba girbi don baƙi da gwauraye. Ta ga fushinsa, ta ga alherinsa. Ta ce, "Daga sama nake kallo, amma ba daga can saman ba."

Dagaci ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ya ce ya ji, ya kuma karɓa. Washegari ya tara dattawa da magina a filin. Ya ce shi Kirista ne, sunan Yesu kaɗai ya sani, a kansa zai mutu. Shi kuma ɗan Nomau ne, ba zai ji kunyar wannan a gaban kowa ba. Amma in katanga ta bar ubansa waje, ta yanke hukunci. In ta zagaye shi ciki, ta yi alkawari. Bai ga wanda ya ba tubali ikon ko ɗaya ba.

Babban magini ya tambaya, to ina za a bi?

Filibus ya ce, "Ku gina gabas da kudu da arewa. Nan gefen kabarin ku bar shi a buɗe, har Mai gidan ya zo ya ja igiyarsa da kansa."