Tikitin Inna Tabawa da Sunan Jikanta

Ku aje wayoyin nan haka, kowa ya matso. Labari zan ba ku, in na gama ku ne da shari'ar, don ni na gaji da yin ta.

A Ringim aka yi wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya huɗu. 'Yar farinta Sahura aure ya kai ta Ingila, inda mijinta Muntari yake karatu yana haɗawa da aikin ƙarfi. Sauran ukun maza ne, Ashiru da Hambali da autansu Garzali. Sahura ta sha ɓari, da Allah ya kawo cikin da ya zauna, sai kunya ta hana ta faɗa wa uwarta. Ita kuwa Inna ko sunan 'yar fari ba ta kamawa, sai dai "waccan yarinyar", balle ta tambaya. Kun dai san halinmu. Uwa tana nan tana ramewa, 'ya tana can tana kuka, a waya kuwa sai "lafiya lau" da "ya sanyi". Sai da ciki ya tsufa Muntari ya kira Ashiru ya fasa zancen: haihuwa sai farkon Janairu, cikin mai hatsari ne, kuma ba su da kowa a can. Biza shi zai nema, kuɗin jirgi ne ba shi da hali. Aka sayar da bijimin da Inna take kiwo, shi ke nan abin da gidan ya mallaka.

Inna ta ce a bari sai haihuwa ta zo daf. "In je in tare a gidan suruki wata da watanni? Ina zan sa idona? Gyaɗata ma tana gona." Ashiru ya daɗe a kantin wani attajiri da kan aike shi ƙasashe sayayya, ya san lokacin da jirgi yake tsada da lokacin da yake faɗuwa. Ya ce, "Inna, ƙarshen shekara tikiti wuta yake. Ga 'yan Kirsimeti, ga 'yan hutu, ko shanu uku kika sayar ba za su kai ki ba. Farkon Nuwamba ne lokacin, 'yan makaranta sun koma, 'yan biki ba su taso ba." Ta ce ba shi da kunya, ta daina amsa gaisuwarsa. Bai haƙura ba. Ya ɗauko mata kawunsu, ya ɗauko liman, ya ɗauki alkawarin shi zai cire gyaɗar da hannunsa, har ta gaji ta ce to.

Amma ko a lokacin arahar, abin da masu sayar da tikiti suka faɗa ya fi ƙarfin kuɗin bijimin. Nan Hambali ya shigo, mai gyaran waya ne a bakin tasha. Bawan Allahn nan ya ture aikin mutane gefe, ya duƙufa yana bin shafukan kamfanonin jiragen sama ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada tashi daga Kano, ya gwada Abuja, ya sauya rana ya sake sauyawa, farashin da ya gani da safe kafin azahar ya haye. Saura ƙiris wasu 'yan damfara su wanke shi. Idanunsa suka yi jajur, masu kawo masa gyara suka koma wajen maƙwabcinsa. Ana haka ya ci karo da wani jirgi mai tashi daga Legas a tsakiyar mako, irin mai tafiyar motar kasuwa, sai ya yada zango a ƙasa biyu kafin ya isa. Kujera ɗaya ta rage, ya cafke ta.

Garzali ne ya raka ta Legas a mota. Tun a hanya bayanta ya ƙage. A filin jirgi aka ɗora kayanta a kan sikeli, ma'aikaciyar ta girgiza kai. Ashe tikitin araha jaka ɗaya ya yarje, ƙarama, ba wanda ya lura a gida. Inna kuwa ta ɗuro gero da kanwa da yajin jego da kuka da daddawa, kaya niƙi-niƙi. Ta zauna daɓas a kan jakar ta ce, "Ba inda za ni. In je wa mai jego hannu rabbana? A mai da ni gida." Ga lokaci yana ƙurewa. A nan ne ma ya faɗo wa Garzali cewa tsohuwar da ba ta jin ko kalmar Turanci ce za ta sauya jirgi sau biyu ita kaɗai. Ya zubar da girmansa, ya bi layin matafiya mutum-mutum yana roƙon wanda zai rage mata kaya, ya kuma kula da ita a hanya. Wannan ya kau da kai, wancan ya ce masa ɗan safarar ƙwaya, wani ma'aikaci ya ci kwalarsa. Garzali ya zazzage kayan a ƙasa, ya dinga ɗibar kuka da yaji yana watsawa a baki a gaban kowa har hawaye na zuba, don a ga ba mugun abu ba ne. Daga ƙarshe wata mata 'yar Jos mai jin Hausa, hanyarsu ɗaya har Ingila, ta ce, "Haba, ya isa haka." Ta karɓi rabin kayan, ta kama hannun Inna.

Kai, tsohuwar nan ta ji jiki! Ta kwanta a kan benci a ƙasar da ko sunanta ba ta sani ba, ƙafafunta suka kumbura suntum, ta isa ba ta ko iya ɗaga kai. Ga kunyar suruki, abinci ma a ɓoye take ci. Nuwamba bai ƙare ba, wata rana da hantsi Muntari yana wajen aiki, Sahura ta yanke jiki ta faɗi, jini yana zuba. Inna ta fita ba takalmi cikin wannan azababben sanyi, ta dinga dukan ƙofar maƙwabta, ta finciko wata Baturiya tana zuba mata Hausa. Aka kira motar asibiti. Likita ya ce da Sahura ita kaɗai ce a gidan, da sai dai wani labarin. Aka samu namiji, ɗan mitsitsi, uwa da ɗa suka rayu. Da aka sallamo su Inna ta dama kunun kanwa, ta yi miyar kuka da yaji, Sahura da ta kasa cin abincin asibiti ta ci har tana neman ƙari.

Muntari ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, sunan ɗaya daga cikin kawunnansa za mu sa wa yaron nan, wanda ya kawo mana ke. Ke za ki zaɓa."

Ita dai ta so a ce bai faɗa ba. Kafin la'asar magana ta kai Ringim, waya ta hana ta sakat. Ashiru ya ce da an bi ta tata da tana gona ranar da abin ya faru. Hambali ya ce sanin lokaci ba ya sa mutum a jirgi. Garzali ya ce shi ya ga tikitin nan a hannunta tana shirin juyowa gida. 'Yan'uwan da suke cin tuwo a kwano ɗaya suka koma kowa yana ci a ɗakinsa. Inna ta zauna da jinjiri a cinya, ga ciwon ƙafa, ga ɓacin rai, ta ce, "Ni Tabawa, na gaji wallahi. Duk ukun ni na haife su." Ga shi an sayi rago, an gaya wa liman, ana jira ta buɗe baki.

To, ga ta nan na aje muku. Tsakanin Ashiru da ya san lokacin tafiya, da Hambali da ya tono tikitin, da Garzali da ya sa ta a jirgi, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?