Kurnar da Baballe Ya Zagaye

Akwai wani bawan Allah ɗan Mashi da ke aikin injiniya a Doha, yana zaune a unguwar Abu Hamour da matarsa Fauzia. A wurin aiki Injiniya ake ce masa, amma a bakin mahaifiyarsa, Inna Atine, shi Baballe ne, domin sunan babanta ya ci. Tun yana zanin goyo ba ta taɓa kiransa da wani suna ba.

Inna ta zo Doha ne don a yi mata aikin gwiwa. Aiki ya yi kyau, likitoci suka ce ta zauna ta warke sosai kafin ta koma gida. To gwiwa dai ta kama hanyar warkewa, amma tsohuwa ta kamu da ciwon da ba a rubuta masa magani a asibiti. Ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga, ba akuyar da za a kora daga kan shanya. Sai farin bango da sanyin na'ura. Abinci ma tsakura take yi ta ture kwano.

Da sanyi ya shigo aka ɗan yi ruwa, Baballe ya ɗauke su ita da Fauzia zuwa wani killataccen wuri a arewacin Doha. 'Yan ƙasar suna kiran irinsa rauda, wato kwari a tsakiyar hamada inda ruwan sama ke kwanciya har itatuwa su samu na rayuwa. A bakin wurin akwai allo da ya hana shiga da mota, ya hana sara, ya hana karya ko da reshe. Suka ajiye mota suka shiga da ƙafa.

Inna na dogara sanda tana tafiya a hankali. Ciyawa ta tsiro shar a ƙarƙashin tsofaffin itatuwan ƙaya, wasu sun karkace har rassansu na taɓa ƙasa. Can wata kurciya ta yi kuka, Inna ta tsaya cak ta saurara, ta ce ashe har nan da Hausa take kuka.

Da suka kai tsakiyar kwarin sai ta saki salati. Wata ƙatuwar bishiya ce a gabansu, gindinta mutum biyu ba za su rungume shi ba, ta yi 'ya'ya jingim.

"Baballe, kurna ce fa! Wallahi kurna ce, sak ta ƙofar gidan Baba."

Wani dattijo ɗan ƙasar yana zaune a inuwar da butar gahawarsa. Ya tashi ya ba Inna wuri, ya tsinto mata 'ya'yan ya ce, "Kanar." Ita kuma ta gyara masa, "Kurna." Suka yi ta dariya, ba mai jin yaren wani. Da Baballe ya shiga tsakani da ɗan Larabcinsa, dattijon ya ce kakansa ma a haka ya tarar da bishiyar, a nan suke ya da zango da raƙuma.

Ranar Inna ta ci kurna har ta ƙulle wata a gefen mayafi. Ta yi hirar da ta yi watanni ba ta yi ba. Tana shafa gindin ta ce, "Da a gida ne da na sa an ɗan sassaƙo mini. Da shi Baba ke jiƙa mana in ciki ya murɗa. Kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, a shafe wurin da laka. Ka tuna ai?"

"Na tuna, Inna."

Kuma ya tuna ɗin. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ba a zagaye itace da sassaƙa, domin ta ɓawon yake rayuwa. Kada wani ya ce jahilci ne ya ja Baballe, son zuciya ne tsagwaronsa.

Bayan 'yan kwanaki ya koma shi kaɗai da wuƙa da leda. Da farko niyyar faranta wa uwa ce ta kai shi. Ya ɗebi gabas, ya ɗebi yamma. Sai ya tuna nisan hanya, ya tuna abokan da ya riga ya cika wa baki cewa ya gano kurna a Qatar, kowa na cewa a taho masa da nasa. Ya waiga, ba kowa. Zuciya ta ce masa, ƙasar nan taka ce? Neman abinci ka zo, gobe in aiki ya ƙare ka naɗe tabarmarka. Ya ci gaba da yanka har gabas ta haɗu da yamma, gindin ya yi fari fat kamar an ɗaura masa ɗamara.

Ya ɗan tsaya yana kallon abin da ya yi. Amma ya ce a ransa, itacen da ya ga zamanin raƙuma ba wuƙar kicin ce za ta kashe shi ba. Ya ɗaure ledarsa ya tafi.

A gida ya miƙa wa Inna sassaƙen, ya ce wani ne ya zo da shi daga Katsina a cikin kaya. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa idonsa. Kullum da safe in ta sha maganin asibiti sai ta bi da jiƙon sassaƙenta, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Baballe." Shi kuwa kowace albarka tana sauka a kansa kamar garwashi.

Fauzia ba yarinya ba ce. Wata rana ta tare shi a kicin ta ce, "Sassaƙen da ya taho daga Katsina ne ya iso ɗanye sharaf?"

"Khalas, Fauzia. A bar maganar."

"Ni na bari. Amma ka san za ta ce a mayar da ita wurin."

Haka kuwa aka yi. Inna ta fara tambayar yaushe za a koma wajen kurnarta. Baballe ya ce aiki ya yi yawa. Da aiki ya lafa ya ce zafi ya shigo, kuma wannan karon gaskiya ya faɗa, don zafin Doha ba ya barin ko matashi ya taka waje, balle tsohuwa. Duk tsawon zafin nan bai iya zuwa ya duba ba. Tsoro yake ji. In ya ga bishiya a gefen titi sai ya kawar da kai. Ko a sallah, da ya rufe ido farar ɗamarar nan yake gani.

Da sanyi ya zagayo, lokacin komawar Inna ya matso. Ta kira shi ta ce, "Ban roƙe ka zinare ba, ban roƙe ka turare ba. Ka kai ni in yi sallama da kurnata." Ramin ƙarya ƙurarre ne, uzuri ya ƙare masa. Ya ce, "Yalla, mu je."

Wannan karon Inna ba ta ko dogara sanda ba. Ita ce a gaba, tana nuna wa Fauzia itatuwan da ta gane, tana cewa Allah ya sa ta tarar da dattijon nan mai gahawa. Baballe na biye yana jan ƙafa, yana addu'ar Allah ya sa ya hango kore.

Bai hango ba. Kurna na nan a tsaye, amma ta bushe ƙayau, ba ganye ko ɗaya. An zagaye ta da waya. Inda dattijon ke shimfiɗa tabarma rana ce ƙwal, ba kowa a wurin.

Inna ta matsa jikin wayar ta ƙura wa gindin ido. Farar ɗamarar ta yi baƙi, amma sawun wuƙa na nan. Hawaye suka zubo mata.

"Wannan ba fari ba ne, ba tsufa ba ne. Zagaye ta aka yi. Wane marar imani ne zai sha inuwar abu ya yanka shi?"

Sai ta ɗaga hannuwanta sama. Jama'a, kun san bakin uwa, kuma kun san ba ya tambayar sunan wanda zai faɗa wa.

"Ya Allah, duk wanda ya yi wa wannan baiwar taka haka, yadda ya busar da ita, kai ma ka..."

Baballe ya zube a gabanta ya riƙe hannuwan. "Inna, don girman Allah kada ki ƙarasa! Ni ne."

Fauzia ta juya baya tana share ido. Inna ta daɗe tana kallon ɗanta kamar yau ta fara ganinsa.

"Abin da nake sha kullum ina sa maka albarka, ita ce?"

"Ita ce, Inna. Na san ba a zagayewa. Na sani, na yi."

Ta zare hannuwanta daga nasa a hankali. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa da gwiwar nan da aka yi wa aiki, ta zura hannu ta ƙarƙashin waya ta tsinci busassun ƙwallayen kurna, ta zuba masa a tafin hannu. Sannan ta miƙe ta ce, "Baba bai taɓa zagaye itace ba. Injiniya, a kai ni gida."

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar, in za ta yi masa magana sai ta ce Injiniya, kamar baƙon da ya zo gyaran wuta. Tana amsa gaisuwarsa, tana cin abincinsa, amma sunan babanta ta karɓe abinta.

Baballe ya je da ƙafarsa wurin masu kula da raudar ya faɗi abin da ya yi, ya karɓi hukuncin da suka yanke masa ba gardama. Ƙwallayen kuwa ya fasa su ya shuka a tukwane a bayan gida. Yawancinsu suka ƙi. Ana saura kwanaki Inna ta tafi, biyu suka ɓullo da ɗan kai kore. Ya gan ta ta taga ta tsuguna tana kallonsu.

Ranar tafiya, a filin jirgi, ta yi sallama da Fauzia ta sa mata albarka. Ta juya za ta shige, sai ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

"'Yan kurnar nan da ka shuka, ba za ka sha inuwarsu ba, ka sani. Wanda ya bar maka waccan ma bai san ka ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Ka riƙa ba su ruwa, Baballe."

Nan Injiniya guda, da gemunsa da komai, ya fashe da kuka a gaban jama'a.

Darasi: Abin da ka tarar a ƙasar da ba taka ba amana ne, ba ganima ba. Kada ka ce ai ni baƙo ne, gobe zan tafi, domin ɓarnar da aka yi da wuƙa a yini ɗaya sai jikoki su zo ba a gama biyanta ba. Kuma albarkar da aka samo da ƙarya ba ta sanyaya zuciya. Ka tura wa wani ɗan'uwa da ke zaune a ƙasar mutane, wataƙila wuƙar na hannunsa bai kai ga zagayewa ba.