Tsamiyar Maguzawa da Shingen Ciroma

An yi wani sarki a ƙasar Hausa wanda ya sa aka yi shela a kasuwa cewa kada a hana kowa bautarsa, Musulmi ne ko Bamaguje. Shela dai ba ta da wuya, baki ne kawai.

Akwai wasu Maguzawa a bayan gari waɗanda ba sa ɗanɗana sabon gero sai sun zuba farar fura a gindin wata tsamiya. Ana cikin girbi sai Ciroma, ɗan sarki, ya kewaye tsamiyar da shingen ƙaya, ya ce masallaci zai gina. Ga rumbuna cike, ga yara suna kukan yunwa. Dattijonsu, Nomau, ya kai ƙara gaban Alƙali Zubairu, alƙali ya hukunta a cire shinge, amma dogarai suka noƙe don tsoron Ciroma.

Sarki ya kira alƙali gaban fadawa ya ce, "Malam, kai da ke limancinmu, yaya za ka fifita itace a kan ɗakin Allah, ka fifita Bamaguje a kan ɗana?"

Alƙali ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ban fifita itace ba, amanar da ka ba su na tsare. Masallacin da aka gina a kan ƙasar ƙwace, goshina ba zai taɓa ƙasarsa ba. Zaɓi biyu ne: ko a cire shingen nan yau, ko ka tafi kasuwa da kanka ka gaya wa jama'a cewa dokarka ba ta hau kan 'ya'yanka ba. Rawanina naka ne, kana iya kwance shi. Hukuncin kam ba zan kwance ba."

Fadawa suka sunkuyar da kai, kowa yana jiran a kira hauni ya sare kan alƙali. Wallahi ko ni mai ba da labari sai da gabana ya faɗi.

Sarki ya dubi ɗansa ya ce, "Da hannunka za ka kwashe ƙayar nan, kada bawa ko bara ya taya ka." Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa alƙali.

Kafin la'asar hayaƙin girkin sabon gero ya tashi a gidan Nomau, Ciroma kuwa ya koma gida tafukan hannunsa suna jini.

Adalcin da bai kai ga wanda ba ya bin sahunka ba, son kai ne aka naɗa wa rawani.